Rufin da Ya Iya Wasa

Ana tsakiyar wasan kwaikwayo rufin ya fara yoyo, daidai kan wadda ta fito a uwa. Ƙa'idarsu ba a tsayar da wasa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Har sama na taya ni kuka!"

Shugaban ƙungiyar ya saci kallon jami'in da aka turo duba ko sun cancanci tallafin gwamnati. To, yau dai ya gani da idonsa.

Da aka tashi, jami'in ya kama hannunsa, idanu jawur. "Malam, kun sa ni hawaye. Amma masu injin ruwan sama, wane tallafi kuma suke nema?"

Shugaban ya dubi rufin: godiya zai yi, ko rantsuwa cewa yoyon gaske ne?

Ɗigo ya sauka kan takardar jami'in.

"Haba, a kashe injin mana," in ji jami'in. "Ai an gama."