Saƙon Baba Daga Jidda

"Ga mu cikin jirgi, yanzu za mu tashi daga Jidda."

Saƙon muryar Baba ne ya shigo wayar Rufa'i. Ƙanwarsa Batula ta dafe ƙirji, ta dubi ɗakin tsohon. Tun da Baba ya tafi Umra, Rufa'i ya mayar da shi rumbun albasa. Buhuna har kan gado, wasu sun fara ruɓewa.

"Yaya, yau mun shiga uku!"

"Ke, kwantar da hankalinki," in ji shi, yana gyara babbar rigar Baba da ke jikinsa. "Jidda zuwa Sakkwato awa biyat jirgi ka yi. Sannan su ɗauko hanyar Tambuwal, su gangaro Kebbe. Ko da la'asar munka fara kwasa, mun gama. Dama min fura."

Da ta damo masa, ya miƙe ƙafa kan buzun Baba, ya kai ludayi baki.

Batula ta ɗauki wayar ta duba.

"Yaya... jiya fa Baba yat turo saƙon ga. Sabis na bai dawo ba sai yanzu."

Sai aka yi gyaran murya a zaure.

"Salamu alaikum! Rufa'i, buɗe min ɗaki in kwanta. Kai, warin mi nika ji haka?"