Unguwar da Ta Rage Kore

Duk taswirar da ke kan allon ofishin lafiya ta yi ja, sai unguwa ɗaya tak da ta rage kore.

Shugaban sashe ya nuna ta da biro. "Nan lafiya lau. A karkata motar magani gabas."

Mai bincike da ke aiki a ƙarƙashinsa ta dubi allon. Ita ta ƙirƙiro manhajar da ke sarrafa taswirar: kowace safiya ma'aikatan lafiya su turo adadin masu amai da gudawa ta waya, taswira ta sauya launi. Kwana uku koren nan yana kwantar mata da hankali, don ƙanwarta ce ma'aikaciyar unguwar, wadda ko tari aka yi sai ta turo rahoto.

Ko tari fa.

Ta yi sauri ta jawo kwamfutarta. Ta buɗe bayanan unguwar. Ba sifili aka turo ba, ba a turo komai ba ne tun Litinin. Ita kuwa da hannunta ta koya wa manhajar ta ɗauki shiru a matsayin lafiya.

"Ranka ya daɗe, a tsayar da motar!"

"Direba ya riga ya fita. Lafiya?"

Ta kira lambar ƙanwar. Sai a kira na huɗu aka ɗaga. Muryar mahaifiyarsu ce, a dishe.

"Tun Litinin take kwance, rabin layinmu ma haka. Na ce a kira ki, ta ce a bari, ai Yaya tana ganin komai a allonta, tana nan tafe."