Wayar Auta a Aljihun Yaya

"Da wa kike magana?"

"Waƙa nake ji, Yaya."

"Waƙa ce ke sa mutum ya ɓuya a bayan tankin ruwa, ido rufe, yana murmushi?"

Auta ta zare iyafis daga kunnenta ta miƙa masa. "Saurara da kanka."

Bai saurara ba. Ya karɓe wayar gaba ɗaya ya jefa a aljihu.

Tun da ƙwaƙwalwar Baba ta rikice, Auta ke jinyarsa. Ta rufe shagon ɗinkinta ta dawo gida. Ita ce wanka, ita ce sauya shimfiɗa, ita ce ba shi abinci a baki, ita ce shan zagi daga uban da ya daina gane ta. Yaya direban babbar mota ne, sai ya dawo daga tafiya yake leƙowa. Amma idonsa ba ya barci. Ya lura da zarar Baba ya kwanta da rana, sai ta sulale bayan tanki, ta dawo fuska a sake. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Akwai wani namiji, kuma in ya ɗauke ta, wa zai riƙe Baba?

"Ɗan lokacin nan kaɗai ne nawa," ta ce. "Shi ke sauke min abin da ke ƙirjina."

"Zai kira ai. Ni zan ɗauka."

Ya tafi da wayar. A kan hanya yana taɓa aljihu, yana jira. Ba ta yi ƙara ba. Ya ce a ransa, ta riga ta gargaɗe shi.

Da ya dawo ya tarar ta rame, tana ɗaure kai da ɗankwali saboda ciwo, cokali ya faɗi ta zabura. Ya gyaɗa kai. "Ciwon so ne. Zai wuce."

Wata safiya tana yi wa Baba wanka ta yanke jiki ta faɗi. Maƙwabciya ce ta ji ihun tsohon. A asibiti likita ya ce jininta ne ya hau, ya shanye mata ɓarin jiki. Ya dubi Yaya. "Wa ke karɓarta in ta gaji? Da me take hutawa?"

Yaya ya dafe aljihunsa.

Jinya ta dawo kansa. Kafin mako ya zagayo, Baba ya watsa masa abinci a fuska, ya kira shi ɓarawo. Yaya ya fita, ƙafa ta kai shi bayan tanki. Ya saka iyafis ɗin. Wani kiɗa ne mai sanyi, a hankali. Kafaɗunsa suka sauka. Numfashinsa ya daidaita. Sai ya ji kunya ta rufe shi.

Jama'a, damuwa ciwo ce, kuma waƙa mai daɗi tana rage mata nauyi. Wanda ya ɗauki kayan da kuka kasa ɗauka, kada zargi ya sa ku ƙwace masa ɗan abin da yake numfasawa da shi.

Ranar da bakin Auta ya fara buɗewa, ta daɗe tana kallon aljihunsa. Da ƙyar kalmomin suka fito.

"Yaya, ya kira?"