Sarƙar da Za a Sa a Lefe

A zauren gidansu Hadiyya da ke Sabon Birni, Zainulabidin, wanda zai aure ta, ya warware wani ƙyalle a kan tabarma. Sarƙoƙin zinare uku ya karɓo wurin wani maƙeri a Maraɗi, don ta zaɓi wadda za a sa mata a lefe. Akwai murɗaɗɗiya mai kauri kamar igiya, akwai mai faɗi wadda ke kwanciya luf a wuya, sai wata siririya mai ƙananan zobba.

Ya turo murɗaɗɗiyar gabanta. "Wagga ta dace da ke."

Hadiyya ta sunkuyar da kai. Ta san yadda ake ganin lefe: matan unguwa su cika ɗaki, kowace ta ɗaga sarƙa ta auna nauyinta a tafin hannu, kafin la'asar zance ya kai kasuwa. Daga kasuwa kuwa, ba wanda ya san kunnen da zai faɗa.

"Ba ni sonta," ta ce a hankali.

Murmushinsa ya ɗauke. "Ko dai ni ne ba a so?"

Sai a sannan ta ɗago ido. "Kai ka bin hanyar Gatawa kowane mako. In mutanen daji masu bindiga sunka ji angon na da zinare haka, wa za su tare?"

Ta miƙa hannu, ta ɗauki siririyar.

"Danginki za su ce na yi rowa, Hadiyya."

"Su ce. Ni dai ka riƙa dawowa."