Sunan Yankan Ummi

Jikata ta ɗora mini littafi mai hotuna a cinya, daga makarantarsu ta Bagudo: wata yarinya mai laƙabi biyar tana neman sunanta na yanka. Shirme ne, an dai sa masa launi.

"Angona, ni fa? Baba ya ce Ummi, Inna ta ce Hajiya. Kowa ya ƙi faɗa."

Dole su ƙi. Sunan marigayiya matata aka sa mata, wane ɗa zai kama sunan uwarsa?

"Sa'adiyya," na ce.

"Na'am!" Ta ruga waje tana dariya.

Shekara arba'in muna tare, kunya ba ta bar ni na kira matata da sunanta ba. Yau na fara, tana kabari. Kuma an amsa.