Haƙorin Waliyyi a Garin Al Wukair

Naushin farko a baki Edwin ya sauke wa Manasseh, abokin ɗakinsa. Laifinsa? Ya leƙa ɗan akwatin gilashin da Edwin ke ajiye haƙorin wani waliyyin Katolika, wanda ya yo oda daga Italiya, ya ce, "Mutumina, wannan ai haƙorin akuya ne."

Kokawa ta kaure. Tebur ya kife, gilashi ya tarwatse, jini har bango. Ga shi gobe Juma'a, ranar hutu, 'yan coci za su zo ganin haƙorin!

Edwin ya bi ƙasa da rarrafe yana neman haƙorin, yana kiran sunan Budurwa Maryamu. Can ƙarƙashin firji ya lalubo haƙori, ya wanke, ya ɗora kan farin ƙyalle.

Washegari ɗaki ya cika. Sista Kezia ta durƙusa ta sumbaci haƙorin har da hawaye. Sai ga Manasseh da kumburarren leɓe. Ya daɗe yana kallon ƙyallen.

"Khalas, shi ke nan, Edwin, na yarda na mutum ne," ya ce, ya washe baki. Ga giɓi a gaba, sabo fil. "In kun gama addu'a, a miƙo mini kayana."