Ranar da Sallau Ya Yarda An Je Wata

Tun da aka kafa dokar Mai-Tuni, majalisar gindin dalbejiya ta mutu. Mai-Tuni ɗan maɓalli ne da kowa ke maƙalawa a wuyan riga. Da ka faɗi ra'ayin da ya saɓa wa wanda ka taɓa faɗi, sai ya sako tsohuwar maganarka da ƙarfi, kowa ya ji. Yanzu ba mai taɓa siyasa, sai gaisuwa da zancen zafin gari.

Malam Sallau ya kasa zama. Kwana bakwai ke nan da rasuwar Tanimu, abokin musunsa na shekara talatin. Ya dubi gefen bencin da ba kowa, ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

"Ɗanjuma," ya ce wa tela, "ni fa na yarda an je duniyar wata."

Ɗanjuma ya tsayar da keken ɗinki. "Haba Malam, kai da ka ce ƙarya ce? Mai-Tuni zai kunyata ka fa."

Maɓallin ya yi ƙara, tsohuwar muryar Sallau ta fito da zafinta: "Wane wata? Fim ne kawai suka shirya!" A bayanta sai ga dariyar Tanimu, har da tarinsa: "Sallau, Allah ya shirye ka."

Sallau ya share ido da hannun riga, ya gyara zama.

"Kuma," ya ce, yana kasa kunne ga maɓallin ko zai sake jin Tanimu, "gwamnatin nan tana ƙoƙari."